Randar Ari Ba Ta Gumi

Haɗejiya,
Ran tara ga watan Ƙaramar Sallah, 1956.

Zuwa ga ƙanena Zarami, a Wad Madani, ƙasar Sudan.

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya nisanta ƙafafunmu, Shi ne kuma mai ikon sake haɗa fuskokinmu. Gaisuwa mai yawa da so da bege daga yayarka Yakaka. Ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Mairam da yaran da aka haifa can ban taɓa ganinsu ba. Yaya aka sha ruwa, yaya aka yi Sallah? Allah ya karɓi ibadarmu, ya maimaita mana. Allah ya sa bana ce za ku haye ruwan nan ku sauke farali, don shekara goma sha ɗaya ana tsinkar auduga a kan hanyar Makka ai ta isa haka. Mu nan muna lafiya, sai zafi. Azumin bana a tsakiyar bazara ya faɗo, har tsofaffi suna cewa sun daɗe ba su ga irinsa ba. Kogi ya ja baya ƙwarai, fadama ta tsattsage, masunta sun koma tafkunan wajen garin Baturiya. Baba Kolo maƙeri ya rasu ana saura kwana uku a ga wata, Allah ya jiƙansa. Ɗakinka yana nan, na sa an yi masa yaɓe kafin ruwa ya sauka. Ni kuma hannuwana ne suke ɗan taɓa ni da safe, amma in rana ta ɗaga sai su saki.

Ka san ni ban iya boko ba. Malam Fannami na bakin kasuwa ne yake rubuta mini, na kuma gaya masa in ya rage mini kalma ɗaya, ko ya tausasa wadda na faɗa da zafi, ban yafe ba. Saboda haka duk abin da ka ji a nan daga bakina ya fito.

Abin da ya zaunar da ni gaban malam shi ne maganar ɗanka Ari da ramin yumɓun Inna. Na san ya aiko maka da takarda yana roƙon ka sa hannu ka bar masa rabonka, don ya kewaye ramin da waya ya kafa wurin aikinsa a bakinsa. Maganar ta je gaban Alƙali, shi kuwa ya ce ba zai yanke komai ba sai ya ji daga gare ka, tunda kashi biyu naka ne, ɗaya nawa. Ka tuna mata takwas ne ke ci daga ramin nan ban da ni. Gumsu da 'Yar'azumi da sauransu, rabinsu ba su da maza, da tulu da kasko suke ciyar da gida. Inna ba ta taɓa hana kowa haƙa ba, in dai mace za ta tattare zane ta shiga ta yi aikin da kanta. Ranar da waya ta zagaye wurin nan, ranar tukunyarsu ta sauka daga murhu. To kafin ka dangwala yatsa, bari in gaya maka wanda za ka ba.

Da ka bar mini yaron nan yana ɗan shekara goma sha ɗaya, na riƙe shi yadda ka sani. Ya gama elementare, ya tafi makarantar Midil a Kano, ban ce uffan ba. Da aka ce ya ci jarrabawa zai wuce kwaleji can kudu, har waina na toya na raba, ina tsammanin za a dawo mana da malamin asibiti ko akawun En'e. Hutunsa na farko na zaunar da shi na ce ya gaya mini abin da ake koya musu. Ya gyara murya ya faɗi wata kalma doguwa da Turanci. Na ce ya sauko da ita ƙasa inda zan gan ta. Zarami, ashe ginin tukwane ne. Na yi dariya har sai da na riƙe ciki. Wai yaro ya tashi daga gidan da tun kaka da kakanni yumɓu ake taɓawa, ya tsallake kasko a ƙofar ɗaki, ya kwana biyu a jirgi, don Bature ya koya masa ginin tukwane. Shekara uku cur ya yi yana wannan karatu, ana ba shi abinci sau uku a rana da gadon ƙarfe.

Bayan kaka ya dawo gaba ɗaya. Jirgi ya sauke shi a Malam Madori, motar gyaɗa ta ƙaraso da shi da akwatuna har huɗu. A ciki akwai wani faifan ƙarfe da ake juyawa da ƙafa, wai shi ne keken gini, da buhunan gari fari da ja, da takardar shaida cikin gilashi wadda ya buga wa ƙusa a zaure daidai inda Baba yake rataye carbinsa. Da wando ya dawo, da agogo, da takalmi sau-ciki baƙi da yake gogewa kowace safiya kafin ya gaishe ni. Tun ranar ban ƙara ganin tafin ƙafarsa ba sai in zai yi alwala.

Kwana biyu da isowarsa ya fito tsakar gida ya tsaya a kaina, hannu a baya, ina gini. Na kife tsohuwar tukunya na shimfiɗa yumɓu a gindinta ina bubbugawa, yadda Inna ta koya mini, yadda ita ma aka koya mata. Ya daɗe yana kallo yana girgiza kai. Daga nan ya ja ni zuwa gindin randata ya nuna mini damshin da ke ƙasa, ya shafa jikinta ya nuna mini tafinsa a jiƙe. Ya ce ai ga matsalar nan, kayanmu duk yoyo suke, ruwa yana tsiyayewa a banza, kuma ƙwayoyin cuta suna samun wurin zama a cikin ƙananan ƙofofin jikin randar. Ya ce an nuna musu ƙwayoyin a madubin likita. Na ce to madalla, a gaishe su. Shekarata hamsin da wani abu ina sha daga irin randar nan, sai yanzu aka zo da agogo ana gaya mini tana da ciwo.

Ya gina wani tanderu na bulo a bayan gida, mai dogon hanci. Abin da muke gasawa da yamma ɗaya da kara da ciyawa da kashin shanu, shi sai ya kwana biyu yana cusa itace, har maƙwabta suka fara tambaya ko gidan burodi muka buɗe. Ba zan ci amanarsa ba, abin da ya fito da shi yana da kyau a ido. Yana shafa musu ruwan garin nan kafin ya gasa, sai su fito da santsi da ƙyalli kamar bayan tarwaɗa, in ka ƙwanƙwasa su yi ƙara. Kofuna, da farantai, da wasu tuluna masu siririn wuya da ko moɗa ba ta shiga. Matar Di'o, Baturen mulki, ta zo da kanta ta ɗauki biyu, aka ce furanni take zubawa a ciki. Furanni, Zarami, ganyen da ko miya ba a yi da shi. Tun daga ranar kan ɗanka ya ƙara girma, ya fara cewa mata suna ɓata masa rami, suna haɗa yumɓu mai kyau da marar kyau, ba su san hawa-hawan ƙasa ba. Gumsu da ta shekara talatin tana shiga ramin nan bayan kowace ambaliya, wadda in ta ɗanɗana ƙasa a harshe za ta gaya maka ko ta tulu ce ko ta kasko, ita ce ba ta sani ba. A nan maganar waya ta samo asali.

Yanzu ga abin da ya faru da azumi, wanda na tabbata bai sa maka a takardarsa ba. Ka tuna al'adar gidanmu, duk shekara kafin a ga wata mukan kai sabuwar randa ƙofar masallacin unguwa, sadaka ga Inna, don masu azumi su buɗe baki da ita. Sabuwa ake kaiwa don ta fi sanyi. Bana Ari ya ce shi zai yi. Ya ce lokaci ya yi da mutanen Haɗejiya za su ga bambancin aikin ilimi da na gado, har ya je ya roƙi Alƙali ya zo ya sha ruwa a masallacinmu ranar farko, don ya gani da idonsa wanda ya cancanci ramin. Ya yi wata uku yana fama da randar nan. Da ta fito, ƙatuwa, kore-kore, ya shafe ta da ƙyallin nan ciki da waje har gindi, ba inda ya bari. Ina ganinta na san abin da za a yi. Na gaya masa sau ɗaya, na ce randa sai ta yi gumi. Ya yi murmushi irin wanda ake yi wa tsohuwar da ta fara rikicewa, ya ce ai gumin ne ya shekara uku yana koyon yadda za a hana. Sai na ja bakina na yi shiru. Allah ya yafe mini wannan shirun, don da masu azumi a ciki, amma ban yi nadama yadda ya kamata ba.

Aka kai ta da safe, ƙarti biyu suka ɗauka, aka cika ta da ruwan rijiya, ta wuni a jikin bango cikin zafin nan da ko ƙadangare ba ya fitowa. Bayan la'asar Ari ya sa farar riga ya tsaya a gefenta, duk wanda ya zo sai ya nuna masa ƙasan randar a bushe ƙamas, ko ɗigo babu. Mutane suna ta yabawa, suna shafa ta. Ni ina zaune a bakin zaurenmu, ka san daga nan ana hango ƙofar masallaci. Alƙali ya iso, aka shimfiɗa masa buzu. Ladan ya kira salla. Liman, dattijon nan da ya wuni yana karantarwa maƙogwaro a bushe, ya ɗauki moɗa ya ɗebo, ya yi bismilla ya kafa kai. Na ga ya tsaya. Ya riƙe ruwan a baki kamar mai tunanin inda zai kai shi, sannan ya haɗiye da ƙyar don ba a zubar da ruwan buɗa baki. Ya dubi ɗanka ya ce, "Allah ya yi albarka, Malam Ari. Amma wannan da ka ajiye wa mai jego." Alƙali ya kurɓa sau ɗaya, ya yi alwala da sauran.

Kafin a ta da salla sahu guda ya tsallako titi zuwa zaurenmu. Randuna biyu na cika tun safe na rufe da faifai, don na san za a zo. Suna nan jiƙe sharkaf, ƙasansu da damshin nan mai ƙwayoyin cuta, ruwan kuwa har haƙori yake kamawa. Suka yi ta sha suna sa wa Inna albarka, Alƙali ma sai da aka kai masa moɗa biyu. Shi kuwa gwanin yana can tsaye shi kaɗai gefen kayarsa. Don kada a ce, ya ɗebi ruwan ɗumin nan ya shanye moɗa guda a tsaye, ya ƙara ta biyu, gumi yana keto masa. Shi ya yi gumin da randar ta ƙi yi. Washegari na aika da tawa aka ajiye a wurin. Tasa tana gidan Liman yanzu ana zuba gero a ciki, an ce ɓera ba ya iya hawanta, to ka ga ta sami aikin da ta iya. Duk unguwa randar mai jego ake kiranta, har a kasuwar Kafin Hausa 'Yar'azumi ta ji ana labarin.

Abin da ya fi ba ni haushi ba kuskuren ba ne, kowa yana yi. Ni ma na fasa tukwane da yawa kafin hannuna ya faɗa. Amma wannan abu ne da duk matar da ta taɓa ɗaukar tulu a garin nan ta sani ba tare da an gaya mata ba. Shi Baturen da ya koya masa ba ni da ta cewa a kansa, an ce a ƙasarsu ruwa da kansa yake daskarewa, me zai yi da randa mai sanyi? Ɗanka fa? A gindin randa aka yi masa wankan suna. Ya je ya zauna a benci shekara uku, aka cire masa abin da ya sani aka zuba masa wanda ba shi da amfani a nan, ya dawo yana kallonmu a matsayin jahilai.

Sauran azumin bai cika fita ba. Na ji shi yana ta ɓuruntu a bayan gida, ashe wata randar yake yi ba ƙyalli. Ya tace yumɓun ya tace har ya zama kamar kullun koko, ya cire duk wani tsaki da ke ciki, ya gasa a tanderunsa. Ta farko ta tsage tun a wuta. Ta biyu ta fito lafiya, amma ta gasu ta ƙanƙame kamar dutse, ita ma ko alamar damshi. Na ga ya zuba mata ruwa yana zagaya ta yana shafawa, yana duba agogo. Duk da haka bai zo ya tambaye ni ba. Ruwan sha kuwa a randata yake ɗiba in ya ga na shiga ɗaki, yana tsammani ban san ƙarar moɗata ba.

Kwana huɗu bayan Sallah, da hantsi, muna tsakar gida ni da Gumsu da 'Yar'azumi mun zube yumɓu za mu taka, sai ga shi da littafi da alƙalami. Ya gaishe mu, ya tsaya daga bakin inuwa, ya ce yana so ya san abin da muke haɗawa. Na ce ba asiri ba ne, ga shi a gabansa: ƙaiƙayin gero, da dakakken tsingaro, da busasshen kashin jaki. In wuta ta ci ƙaiƙayin da kashin sai su bar ƙananan ƙofofi, ta nan ruwa yake tsattsafowa, iska ta buga shi, na ciki ya yi sanyi. Shi ya sa ba ma tsananta wuta. Ya ce a'a, ai ya san wannan, har ya faɗi sunan abin da Turanci, wai sun yi shi a aji biyu. Ka ji fa. Ya san sunansa, ya ci jarrabawa a kansa, amma ya rasa gane shi a gindin randar gidansu. Ya rubuta, ya rubuta, sannan ya ɗago ya ce, "To Gwaggo, mudu nawa na ƙaiƙayi ake zuba wa kwando ɗaya na yumɓu?"

Na ce masa ba mudu. Yumɓun shekarar da kogi ya cika daban yake da na shekarar da ya yi rowa, na gabas da ramin daban da na yamma, na safe ma daban da na yamma in iska ta sha shi. Ana zubawa ana takawa har sai ya daina kama dunduniya ya fara sakinta da wata irin ƙara, a nan ake tsayawa. Ya ce to wace irin ƙara, ya zai rubuta ta? Na matsa gefe na ba shi wuri a kan tulin, na ce, "Tuɓe takalmin nan ka shigo. Ƙafa ce take sani." Ya dubi kashin jakin. Ya dubi takalminsa da ya sha mai. Ya dubi Gumsu, ita kuwa ta ja mayafi ta rufe baki kafaɗunta suna rawa. Na ga hannunsa ya yi ƙasa kamar zai kai ga igiyar takalmin, sai ya fasa ya karkaɗe gwiwar wando. Ya rufe littafi ya ce yana da wani uzuri, zai dawo. Uzurin kuwa, an gaya mini, gidan Alƙali ya je tambaya ko amsarka ta iso. Yau kwana biyar ke nan, muna gaisawa safe da yamma, bai sake tayar da maganar ba.

To wannan shi ne mai neman a kori mata takwas daga ramin Inna. Ina roƙonka don Allah, don darajar wadda ta haife mu, kada ka sa hannu a takardar nan. Ka rubuto wa Alƙali ka ce rabonka yana hannuna har ka dawo. In Ari ya yi fushi ya yi, in ya ce zai koma kudu ya yi wa Turawa tulun furanni, hanya a buɗe take. Amma ka rubuto masa shi ma, da kalmominka na uba, ka gaya masa ramin nan ba a gadonsa da takarda cikin gilashi. Ranar da ya tuɓe takalmi ya taka yumɓu tare da matan da yake rainawa, har ya gina randar da Liman zai sha ya yi ajiyar zuciya, ni da kaina zan ja shi gaban Alƙali in dangwala nawa kason in ba shi, in dai babu waya.

Ba zan ɓoye maka ba, abin yana ci mini rai. Na ce maka hannuwana suna saki in rana ta ɗaga, to ba kullum ba. Bakin tulu da nake murɗawa ido a rufe, yanzu sai na yi sau biyu. 'Ya'yana biyu suna ƙasa, ka sani, ba ni da wanda zan bar wa abin da ke cikin hannun nan. Kuma yaron yana da hannu, Zarami, wannan ne abin takaicin. Na duba wuyan randar tasa da kyau ranar da ba kowa, ko Inna ba za ta raina shi ba. Tun yana ɗan shekara biyar yake faɗawa cikin yumɓuna yana tsalle har sai na kore shi, ni nake wanke ƙafafun nan da yake ɓoye mini yau.

Ka gaishe mini da Mairam da kyau, ka ce mata ɗanta yana cin abinci, ya yi ƙiba, kada ta sa damuwa. Ka shafa mini kan Auta da 'yan'uwansa, ka gaya musu suna da gwaggo a Haɗejiya mai faɗa. Gumsu da 'Yar'azumi suna gaisuwa, sun ce a sa su a addu'a in an isa Ɗakin Allah. Liman yana gaishe ka, haka iyalan marigayi Baba Kolo. Malam Fannami ma ya ce in sa gaisuwarsa, ya kuma yi mini alkawarin abin da zan faɗa yanzu ba zai fita daga bakinsa ba.

Yumɓun ranar nan mun taka namu mun gina, amma gefen da na matsa na ba shi ban bari kowa ya taɓa ba. Yana nan a inuwar bango, na rufe shi da tsohon buhu, kowace safiya ina yayyafa masa ruwa don kada ya bushe. Gumsu ta ce ɓarnar ruwa nake yi. Wannan kada ka sa masa a takarda.

Allah ya tsare, ya kai ku lafiya, ya dawo mana da ku muna raye.

Ni ce yayarka,
Yakaka maginiya.